Taƙaitawa: hoton MRI na jiki duka ga mai lafiya ƙalau

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta a maganganunku kan tambayar ko ya dace mai lafiya ƙalau ya yi wa jikinsa duka MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura a asibiti.

1. An yarda na'urar da maganaɗisu take aiki, ba ta da hasken nan mai illa na eksire. Amma mai na'urar bugun zuciya, ko mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga masa ido, ya gaya wa likita tukuna.

2. Mafi yawa sun ce mai lafiya bai buƙatarsa. Hoton kan nuno ɗan ƙulli a ƙoda ko hanta wanda ba zai taɓa cutarwa ba. Daga nan sai zullumi, sai jeka-ka-dawo tsakanin ƙauye da Kano, har a kai ga sayar da tumaki ko hatsin rumbu. A 2023 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar yi wa marasa alamar ciwo. Nan na fi karkata.

3. An rabu kan wanda sankara ke bin danginsu. Wasu sun ce ya yi, wasu sun ce sai likita ya tura shi.

4. Babu saɓani kan awon hawan jini, suga da ciwon hanta a asibitin kusa. Iyayenmu mata su ƙara da gwajin mama da bakin mahaifa.