Man clobetasol ya daina min aiki a kan lichen sclerosus, ina mafita?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jin nauyin tambayar nan amma abin ya kai ni bango. Shekarata 52, al'ada ta ɗauke min shekara uku da suka wuce. Na fi shekara biyu ina fama da ƙaiƙayin gaba ana ta ce min sanyi ne, maganin infekshan kam babu irin wanda ban sha ba, sai bara wata likitar mata ta duba ni ta ce sunan ciwon lichen sclerosus, fatar wajen ta yi fari fat ta yamutse. Ta rubuta min clobetasol, wani man shafawa ne mai ƙarfi na sitiroyid mai kashe kumburi, watan farko kullum da dare, na biyu in shafa yau in tsallake gobe, na uku sau biyu a sati. Wallahi cikin sati biyu na samu barcin da na manta daɗinsa. To yanzu wata huɗu kenan abu ya dawo, ina shafawa kamar ruwa nake shafawa, wajen har tsagewa yake, in fitsari ya taɓa sai na dafa bangon banɗaki, maigida ma na rasa ta inda zan fara yi masa bayani. Dan Allah akwai wani magani bayan wannan ko shikenan haka zan zauna?

Maman Khairat:
Wa alaikumus salam Yaya, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Shekarata shida da ciwon nan. Kafin ki ce maganin ya daina aiki, a ina kike sayensa, kuma kirim ne ko mai maiƙon nan kamar basilin? Ni lokacin da nawa ya ƙare na ga tsada sai na aika kasuwa aka siyo min a wajen masu saida man bilicin, sunan ɗaya ne a jikin kwalin amma wata biyu ina shafa banza. Da na koma asibiti likita ta ce in dinga saya a babban kyamis kuma mai maiƙon, don kirim ɗin yana da abubuwan da ke sa wasu raɗaɗi. Sannan ta miƙo min madubi ta ce in nuna mata inda nake shafawa, ashe duk a gefe nake sawa, ainihin inda ya yi farin ban ma taɓa kai hannu ba saboda tsoro. Kuma me kike tsarki da shi? Ni da Dettol nake ɗigawa a buta, ga ruwan bagaruwa ga turaren tsuguno, duk ta hana ni, ruwa zalla kawai sai in shafa basilin kafin fitsari da bayansa.

Sista Rabi:
Hajiya sannu da jiki. Ni nas ce a ɓangaren fata. Abin da Maman Khairat ta faɗa shi muke fara bincika, don mafi yawan masu cewa ya daina aiki akwai wani abu ne da ya shiga tsakani. Wata kandida ce, wato infekshan na fungas mai sa ƙaiƙayi, ta hau kan ciwon, man ma yana iya jawo ta musamman ga mai suga, sai an ɗauki suwab, wato a goga auduga a wajen a kai lab, a gani. Wata ɗigar fitsari ce ke jiƙa wajen kullum. Ke kuma da al'ada ta ɗauke miki akwai bushewar gaba ta ƙarancin estrogen, sinadarin jikin mace da ke raguwa in al'ada ta ɗauke, wannan clobetasol ba ya maganinta, man estrogen ake haɗawa da shi.

Amma abin da na fi so ki riƙe, ki nemi a yi miki bayopsi in ba a taɓa yi ba. Allurar kashe zafi ake yi a ɗan yanki fata ƙanƙanuwa a kai lab, don a tabbatar ba wani ciwon ba ne mai kama da shi irin lichen planus, kuma a tabbatar fatar ba ta fara rikiɗewa ba. Ba tsorata ki nake ba, waɗanda nasu ke komawa ciwon daji ba su kai biyar cikin ɗari ba kuma shafa magani a kai a kai yana rage haɗarin, amma gyambon da ya ƙi warkewa ko ƙullutu ko wajen da ya yi kauri ba a zama da shi a gida.

In an duba duk wannan kuma da gaske ya ƙi, hanya ba ta ƙare ba. Ana canzawa zuwa mometasone, wani man sitiroyid ɗin daban, ko a ba ki tacrolimus 0.1% wanda ba sitiroyid ba ne, yana da raɗaɗi a kwanakin farko, da yawa a nan suke yar da shi alhali yana lafawa. Inda ya yi kauri ana allurar triamcinolone a cikin fatar. Sai kuma magungunan sha, methotrexate ko acitretin, waɗannan sai likitan fata da gwajin jini da na hanta, kuma mai neman haihuwa ba ta shan su sam. Ki roƙa a duba miki tayirod ma, ƙwayar nan ta gaban wuya, don ciwonta da wannan suna yawan zuwa tare.

Hajiya Turai:
Allah ya yaye miki 'yar uwa. Ni ƙanwata mai irin ciwon nan aka ce mata a Alkahira akwai leza da kuma wata allura da ake tace jinin mutum a mayar masa a wajen, har ta fara haɗa kuɗin tafiya. Sista ya gaskiyar wannan?

Sista Rabi:
Hajiya Turai ana yi kam, PRP ake ce wa ta jinin. Wasu sun ce sun ji sauƙin ƙaiƙayi, amma har yanzu babu hujja mai ƙarfi cewa suna kashe kumburin da ke cin fatar, ga tsada. Tsorona shi ne mace ta yi leza ta ji dama-dama ta ajiye man shafawarta, ciwon yana aiki a ɓoye har wajen ya haɗe ƙofa ta tsuke. Tiyata ma don buɗe inda ya manne ake yinta ko cire abin da ake zargi, bayan an yi sai an ci gaba da shafa magani. Ki ce mata ta fara ganin likitan fata a asibitin koyarwa mafi kusa da ita kafin ta sayi tikiti.

Ummu Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na tashi na ɗauko kwalin, kirim ne kuma yarinyata ce ta siyo min a shagon kayan kwalliya. Sabulun wankan nan mai ƙamshi nake tsarki da shi safe da yamma don ina ganin kamar rashin tsafta ne ya ja min. Bayopsi ba a taɓa min ba, kuma gaskiya akwai wani waje ta hagu da ya yi tauri tun kafin azumi ban faɗa wa kowa ba. Ranar Litinin in sha Allahu zan je in karɓi kati, zan tafi da kwalin a jaka in nuna wa likita.

Maman Khairat:
Yauwa Yaya, ki fara da wajen taurin nan tun kafin ki zauna, kar kunya ta sa ki bar shi ƙarshe. In ya yiwu ki tafi da maigida, nawa sai da ya ji daga bakin likita cewa ba a ɗauka kuma ba ta saduwa ake samu ba sannan hankalinsa ya kwanta.