Maigida na shan sigari a falo, ƙaramin yarona ba ya rabuwa da tari

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan kafin na iya rubutawa, don sirrin gida ne. Gidan haya muke a Ƙofar Marusa, nan Katsina, magidanta biyar a gida ɗaya, kowa ciki da falo. Tagarmu ɗaya ce tal, lungu take kallo, ga kwata a gindinta. In an buɗe, wari da sauro, shi ya sa kusan kullum a rufe take, balle yanzu da hunturu.

Maigida yana shan sigari tun kafin aurenmu, amma ba ya sha a waje ko kusa, don kada a gan shi. Mahaifinsa mutum ne da ake ganin girmansa. Sai bayan isha'i ya tura ƙofar falo ya kunna, kara uku ko huɗu, yara na kwance a uwar ɗaka, labule ne kawai tsakani. Sadik watansa 14, kuma sau uku ke nan ina kai shi asibiti tun shigowar sanyi. Tari, ƙirji na ƙugi, na ƙarshe aka ce namoniya ce. Likita ta tambaye ni ko akwai mai shan taba a gida, na ce babu. Har yau abin yana ci na.

Da na yi masa magana ya ce ai yana kunna fanka, kuma hayaƙin itacen da ake girki da shi a tsakar gida ya fi nasa yawa. Don Allah fanka tana wadatarwa? Kuma ta ina zan ɓullo masa ba tare da na tona masa asiri ba?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Sadik lafiya. Fanka ba ta fitar da hayaƙi, juya shi kawai take yi ta tura shi bayan labulen. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Jariri kuma ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, huhunsa bai gama ƙwari ba, don haka abin da babansa zai shaƙa ya ji garau, shi sai ya kwantar da shi. Namoniya, asma, ciwon kunne mai dawowa, duk an tabbatar hayaƙin taba na ƙara su ga yara.

Abin da mutane ba su cika sani ba, ko an kashe sigarin dafin yana nan. Yana maƙalewa a labule, katifa, darduma da rigar mai sha, yaro mai rarrafe ya taɓa ya kai hannu baki.

Maganar itace kuwa yana da gaskiya, shi ma yana cutarwa, haka maganin sauro na kunnawa da turaren wuta a rufaffen ɗaki. Amma ai wannan dalili ne na rage wa yaron wani, tunda ɗaya ya fi ƙarfinku. Ki koma ki faɗa wa likitar gaskiya. Ba za ta kai maganar ko'ina ba, kuma sanin hakan yana sauya yadda za ta duba shi.

Ɗan Daura:
Maman Sadik, ni shekara 11 na yi ina sha, kuma irin maigidanki ne ni, a ɓoye. A ƙasar nan tamu kunyar idon mutane ce ke kora mai shan taba cikin ɗaki, sai ya zama waɗanda ya fi so su ke shaƙa. Ban taɓa kallon abin haka ba sai ranar da ɗiyata ta kwana tana jan numfashi da ƙyar, ni ke riƙe da ita a gadon asibiti har asuba.

Kada ki ce masa ya daina yau. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na kama mutum, zai ji kamar kin nemi abin da ba zai iya ba, sai ya yi fushi. Ki roƙe shi abu ɗaya: kada ya ƙara kunnawa a cikin ɗaki. Ya fita can bayan gari ko wani wurin da ba a san shi ba, in ya dawo ya cire rigar, ya wanke hannu da baki kafin ya ɗauki yaro. Ranar komawa asibiti kuma ku tafi tare, ya ji daga bakin likita. Mu maza mun fi jin ta haka.

Hajiya Babba:
Ɗiyata, kada ki kai ƙara wurin surukinki tukuna, zai ga kin ci masa fuska. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki sa masa yaron a cinya, sannan ki yi magana a hankali. Kwatar nan kuma ku haɗu da matan gidan ku sa mazanku su yashe ta, ku sa raga a tagar, iska ta samu hanya. Ɗaki ba ya zama a toshe da jariri a ciki.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na cire labulen na wanke, ruwan da ya fito sai da na zauna na yi kuka. Na bar shi a bokiti har ya dawo ya gani. Bai ce komai ba, amma daren jiya bai kunna ba, fita ya yi ya daɗe. Ranar Litinin za mu koma asibiti, ya ce zai kai mu a mashin. Anti Nas, katifar fa? Shanya ta a rana zai isa, ko sai mun sauya?