Kuɗina sun maƙale a New York, ni kuwa ina Maradi

Salamu alaikum. Kafet nake sayarwa a babbar kasuwar Maradi. Sati shida ke nan da na tura dala ta banki zuwa ga dillalina a Dubai. Kuɗin ba su isa ba, ba su kuma dawo ba. Na kai rasit, na kai takardun duwan, har fasfo. Ƙarshe dai aka ce suna wani banki a New York, wai dala ta can take bi, kuma kafet ɗin na Iran ne da Amurka ta maido wa takunkumi a 2018. Dillali ya ce ba ruwansa. Ni ko filin jirgin Amurka ban taɓa takawa ba!

Don Allah masana shari'a, dokar Amurka tana hawa kan ɗan Nijar da ya yi cinikinsa a Dubai?