Sannu ba ta hana zuwa: har da aikin rumbun bayanai?

Ɗan Mabera:
Jama'a, ku raba mu gardama. Abokin aikina zai kwashe maki daga teburin sakamako ya zuba a teburin ɗalibai, sai ya rubuta lup: ya ɗauko ɗalibi guda, ya nemo makinsa, ya rubuta, ya koma kan na gaba. Na yi magana, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Wanga karin magana nan ne muhallinsa?

Hajiya ta Arkilla:
Ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. Ƙarashen shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba". Kowane layi sai shirinsa ya aika wa rumbun tambaya ya tsaya jiran amsa. Ɗalibi dubu, aike dubu. UPDATE guda, wato umarnin sabunta bayani, ya isa, a haɗa teburan biyu ta lambar ɗalibi. Cikin manhajojin rumbun bayanai, a MySQL da umarnin JOIN ake haɗin, a PostgreSQL da SQL Server kuwa da FROM.

Malam na Runjin Sambo:
Hajiya, ban ƙi taki ba, amma magabata sun kuma ce sauri kan haifi nawa. Wanda ya ɗebo makin da ƙaramin SELECT (umarnin ɗauko bayani) cikin SET (sashen UPDATE da ake sa sabon maki), bai sa WHERE EXISTS (sharaɗin sai mai sakamako za a taɓa) ba, duk ɗalibin da babu sunansa a teburin sakamako makinsa zai koma NULL, wato fanko, a lokaci guda. Yaron da bai ci ba bai sha ba, a wayi gari ba shi da komai.

Hajiya ta Arkilla:
Allah shi gafarta Malam, ai wannan ita ce sannun da ake nufi: natsuwa kafin aiki. Ka fara da SELECT ka ga layukan da za su canza, ka buɗe BEGIN don canjin ya jira amincewarka, in lissafi bai yi ba ka yi ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Lup ba ya sa mutum natsuwa, jinkiri kawai yake ƙarawa.

Ɗan Mabera:
To in lambar ɗalibi ta fito sau biyu a sakamako fa?

Malam na Runjin Sambo:
Nan ne haɗarin, ɗana. PostgreSQL zai ɗauki guda cikin biyun, ba ka san wanne ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba. MERGE, wani umarnin haɗa tebura, wanda ya shigo masa a siga ta 15 cikin 2022, shi ƙin aikin yake yi. Ka fara tace maimaicin da GROUP BY da HAVING, masu tara layuka su fito da lambar da ta maimaitu, sannan ka kai wa malamin ajin ya faɗi wane maki ne na gaskiya.