Otofokas da Hausa: saitin inji ko me za mu ce?

Salamu alaikum masu sana'ar hoto da malaman fassara. Kalmar Hausa nake nema ta otofokas, wasu 'yan'uwa kuma sun riga sun kawo nasu shawarwarin. A gefen lens da yawa, wato gilashin gaban kyamara, akwai ɗan makunni da aka rubuta wa AF da MF, wasu na Nikon kuma A da M. A shago ana ce musu otofokas da manuwal: a na farko inji ke daidaita hoto ya fito tar, a na biyu kai ke murɗa zoben lens da hannu. Kusan duk yaron da ya fara koyon aiki sai ya yi tambayar nan: in makunnin yana kan AF na murɗa zoben lens da hannu, zai lalace? Na lura bayanin yana yin tsawo ne kawai saboda sunayen ba sa gaya wa yaron komai.

Mu fara da wadda ba za ta yiwu ba. Manhajojin fassara suna ba da "mayar da hankali". Wannan na ɗalibi ne a aji, kyamara ba ta da hankalin da za ta mayar. Wani ɗan'uwa ya kawo "kaifi". Malam, ka yi haƙuri, wuƙa ke da kaifi. Hoto a bakinmu yakan fito tar, ko garau, in ya ɓaci ya yi dishi-dishi. Kuma waɗannan duk sakamako suke faɗa, mu kuwa sunan aikin muke nema.

Aikin shi ne matsar da wasu gilasan cikin lens gaba ko baya, har hasken da ya taso daga fuskar amarya ya haɗu daidai a kan sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da ke ɗaukar hoton. Ni a ganina saiti ne wannan, yadda muke cewa maharbi ya saita bindiga. Don haka ga tayina: fokas ya zama saitin gani, AF saitin inji, MF saitin hannu.

Wata Hajiya ta ce saiti ya yi faɗi, tunda akwai saitin haske da na launi. Gaskiyarki, Hajiya, shi ya sa na liƙa masa "gani". Amma da zarar an ce na inji ko na hannu, duk mai riƙe da kyamara ya san wanne ake nufi.

Wanda na fi jayayya da shi shi ne "mai sarrafa kansa", duk da shi aka fi ji a rediyo in ana maganar duk wani abu otomatik. Ya yi tsawo a bakin mai ɗaukar hoton biki da ango ke jira, sannan ba gaskiya ba ne. Lens ba ya sarrafa kansa, akwai ɗan inji da ke jan gilasan. Kamfanin Konica na Japan ne ya fara fito da kyamara mai wannan fasaha kasuwa a 1977. A 1985 Minolta ta sa injin a jikin kyamara, yana juya lens ta wani ɗan ƙarfe mai kamar bakin sukundireba da ke leƙowa ta mahaɗarsu, Nikon ta bi wannan hanya a 1986. Canon kuwa da ta fito da kyamarorinta na EOS a 1987 sai ta sa wa kowane lens injinsa a ciki. In ka ce wa yaro "saitin inji", nan take zai gane akwai wani abu da ke riƙe da zoben, kuma kokawa zai yi da shi in ya murɗa.

Zai lalace ɗin? Ya danganta da irin lens.

Akwai waɗanda zobensu ke haɗe da injin ta ƙananan giyoyi, da yawa na roba. Canon EF 50mm f/1.8 II da ta fito a 1990, wadda har yau tana hannun masu hoto da yawa saboda arha, tana cikinsu. Haka tsofaffin lens na 18-55mm da ake sayarwa tare da kyamara, da Nikon masu alamar AF ko AF-D in an ɗaura su a jikin da ke da inji. Murɗa waɗannan a kan AF kamar tura babur ne yana cikin giya: zai motsa, amma da ƙyar, kuma wani abu ke shan wahala a ciki. Sau ɗaya bisa kuskure ba ya kashe lens. Yawan yi, ko murɗawa da ƙarfi yayin da injin ke aiki, shi ke cinye haƙoran giyar. Maganin kawai a tura makunnin zuwa MF, shi ke raba zoben da injin. A Nikon mai ɗan ƙarfen nan, makunnin yana jikin kyamarar, kusa da inda lens ke shiga. Alamar lens na wannan rukunin ba ta ɓuya: zoben yana juyawa da kansa lokacin da kyamara ke saiti, in ka taɓa shi kuma za ka ji tauri da ɗan kuka.

Akwai kuma waɗanda da gangan aka ƙera su don a sa musu hannu ko suna kan AF, kamar Canon masu injin USM na zobe da Nikon AF-S masu rubutun M/A. Inji ya gama nasa, kai ka ɗan gyara zuwa kan ido, ba abin da zai same su. A kula dai, ba kowane AF-S ba ne: ƙaramin 18-55mm ɗinsu A da M kawai gare shi, yana rukunin farko. Waɗannan na ce a kira su "mai karɓar hannu". Ko a kasuwa za ta yi amfani: Alhaji, wannan yana karɓar hannu?

Na uku su ne na zamani, STM na Canon da suka fara fitowa a 2012, AF-P na Nikon, da yawancin lens na kyamarori marasa madubi. Zobensu bai taɓa gilasan ba sam, saƙo kawai yake aika wa injin ta lantarki. Kashe kyamarar ka murɗa har ka gaji, ba abin da zai motsa. Wani matashi a cikinmu ya ce a kira shi "saitin aike", na kuwa karɓa hannu bibbiyu, ya fi abin da na zo da shi. Sai dai ko a cikinsu, in hancin lens ya leƙo waje kada a danna shi ciki da yatsa.

Wani Malam na Damagaram ya tuna mana cewa a Nijar da Faransanci aka koyi sana'ar, mise au point ke rubuce a takardun kyamarorinsu, kuma ya ce saitin gani bai yi masa baƙo a kunne ba. Madalla, Malam, kalmar da za ta tsallake iyaka muke so.

Saura masu ɗaukar fim. A wajenku akwai mutumin da aikinsa kawai murɗa zoben nan yayin da jarumi ke tahowa, tunda yawancin lens na sinima ba su da inji ko kaɗan. Ni "mai jan saiti" ta zo min. Mutanen Kannywood, me kuke kiransa a wajen ɗauka?