Filogin na'urar kare wuta ta RV ɗina ya narke, wa ya taɓa ganin haka?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu RV, wato motar nan mai ɗaki da kicin da bayi, ina neman shawara. Mun fita da iyali daga Dallas zuwa Arizona, kwana biyu muka yi a wani sansanin masu RV kusa da Tucson, zafi kamar watan Afrilu a Sakkwato. Tamu mai amp 30 ce, kuma ina da na'urar nan da ake jonawa tsakanin akwatin wutar sansani da wayar mota don ta kare kayan wuta. Daren na biyu uwargida ta ce tana jin ƙauri, na ce ƙila maƙwabta ne ke gashi, da asuba na fita da tocila sai na tarar robar filogin ta narke ta gefe ɗaya, ƙafa ɗaya ta yi baƙi ƙirin ta manne cikin soket sai da na kashe bireka (makunnin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa) na yi ta jijjigawa kafin ta fito. Abin da ya ɗaure min kai, bireka bai faɗi ba, na'urar ma lambobinta lafiya lau take nunawa. To amfanin me take yi kenan? Ko jabu aka sayar min?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa, Allah ya tsare gaba. Ni dai ban ga alamar jabu ba, aikinta ne ba ka fahimta ba. Ita ƙarfin wuta take dubawa, masu kyau suna yankewa in ya sauka wajen bolt 104 ko ya haura wajen 132, suna kuma gane in an juya waya ko babu wayar ƙasa, wato earth. Bireka kuma sai wuta ta wuce amp 30 yake faɗuwa. Taka matsalar daban ce, soket ɗin ne ya yi sako-sako. Soket ɗin amp 30 na sansani kullum ana sawa ana cirewa, ƙarfen ciki da ya kamata ya damƙe ƙafar filogi ya saki, to wuta sai ta matse ta bi ta ɗan wurin da ya taɓa, nan zafi ke taruwa. Ka lissafa: in wurin yana da turjiyar om 0.1 kacal kana jan amp 25, wat 62 da ɗoriya kenan a wuri kamar farce, kamar ka kunna tsohon ƙwan wat 60 ka naɗe shi cikin roba har gari ya waye. Kuma zafin shi ke ƙara sakin ƙarfen, ƙarfen na saki zafi na ƙaruwa. Bireka bai san ana yi ba tunda 25 bai kai 30 ba.

Me da me ka kunna a daren?

Baban Hanifa:
Esi na sama bai huta ba gaskiya, sai hitar ruwa da na bari kan lantarki, firji ma haka, yara kuma suka ɗumama abinci a maikurowef wajen ƙarfe goma.

Injiniya Sabo:
Kai Alhaji ai ka haɗa su duka! Esi shi kaɗai yana cin amp 12 zuwa 15, hita wajen 12, ga firji ga cajar batir. Amp 30 a bolt 120 wat 3,600 ne gaba ɗaya, kuma kayan da za su daɗe a kunne ana son kada su wuce kashi 80, wato amp 24. Mun saba da gida inda wuta bolt 230 ce, nan rabinta ce don haka kaya iri ɗaya ninkin amp yake ja. Maida hita da firji kan gas in esi na aiki.

Maman Sadik:
Wlh irin haka ta same mu bara a Florida, tamu ma ta ɓangaren da wayar mota ke shiga na'urar ce ta ƙone. Maigidan da ya duba sai ya ga ƙafafun filogin sun yi duhu da tsatsa saboda damshi. Yanzu kafin kowace tafiya yana goge su da samfefa mai laushi har su yi ƙyalli, kuma baya barin na'urar tana lilo, igiya yake sa ya ɗaure ta jikin akwatin don nauyinta kada ya riƙa zaro filogi. Ni kuma aikina bayan awa ɗaya in je in taɓa filogin, ɗumi ba komai amma in hannu baya iya tsayawa to a kashe.

Ɗan Damagaram:
Ƙari kan na Injiniya, kullum kashe bireka kafin ka jona ko ka cire, tartsatsin nan da kake ji "tas" shi ke cinye ƙarfen sannu a hankali. Ni kam in akwai soket ɗin amp 50 a akwatin shi nake sawa da adafta, galibi ya fi kamawa tsam, babban birekan cikin motata kuma yana nan a 30. Amma Baban Hanifa kada ka ce za ka kankare wannan da ya narke ka ci gaba da shi, ƙarfen da ya sha wuta baya komawa daidai, kuma zai je ya lalata soket ɗin sansani na gaba.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tuna ma lokacin da na soka shi ya shige suluf ba wani ƙarfi, har na ji daɗi wai ya shiga da sauƙi. Na kira ofishin sansanin na gaya musu lambar wurin, sun ce za su canza soket ɗin. Yanzu na duba filogin wayar motar ita ma ƙafa ɗaya ta fara canza launi. Injiniya, in yanke in sa sabon kai ko in sayi wayar gaba ɗaya?

Injiniya Sabo:
Fere ta ka gani. In jan ƙarfen ciki ya yi baƙi ci gaba da yankewa har ka kai inda yake ja fes, sannan ka sa sabon kai ka ɗaure sukurorin sosai. In ka yi tafiya biyu ka buɗe ka sake ɗaure su, suna saki.