Ciwon baya da mutuwar ƙafa bayan tsohuwar karayar soja: yaya ake neman haƙƙi a kansu?

Ɗan Baba Kofur, daga karkarar Ringim

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fanshon soja, da kuma ma'aikatan lafiya, a kan halin da mahaifina yake ciki. Yana cikin sojojin Nijeriya da aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a farkon shekarun 1990, a can ne motar da ta ɗauko su ta kife, ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye. An yi masa aiki ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta ɗan gajarce, tun daga lokacin yake ɗingishi. A haka ya ci gaba da aiki har ya ajiye kaki, ya dawo gida ya kama noma. Tun tasowata na san cewa duk takalmin da ya saya sai an kai wa mai gyaran takalmi ranar kasuwa, ya liƙa wa na hagun guntun taya a ƙasa don tsayin ƙafafun ya yi kusa da juna.

Shekara uku ke nan ciwon baya ya sa shi gaba. Daga ƙugu yake tasowa, ya gangaro ta bayan cinyar dama, wato ƙafar da muke ɗauka ita ce mai lafiya, har ya kai babban yatsa, wani lokaci ya ce ji yake kamar ana tsira masa allurai. Daminar bara bai iya sunkuyawa da fartanya ba, yanzu kuma a zaune yake salla. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne silifas ɗinsa na dama yana suɓucewa ba tare da ya ji ba, sai ya yi taku biyu ko uku sannan ya ankara cewa tafin ƙafarsa yana ƙasa.

Na kai maganar wani ofis, jami'in da na samu ya ce abin da aka sani a fayil ɗinsa cinya ce, shi kuwa baya tsufa ne kawai. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba, domin mutumin da ya shekara talatin yana tafiya a karkace dole bayansa ya ji jiki. Shin akwai hanyar da za a lissafa ciwon bayan da na jijiyar a matsayin abin da raunin farko ya haifar? Waɗanne takardu ya kamata in tara, kuma wa zan rubuta wa?

Tsohon Saje, daga wajen Wudil

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Kofur lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya masa. Ni a Saliyo na yi nawa zagayen, kuma na san 'yan mazan jiya da dama da ƙafa ko kafaɗa ta fara yi musu ciwo, daga baya abin ya koma baya.

Tambayar da za ka fara yi wa babanka ita ce ta wace ƙofa ya fita daga soja. Akwai wanda kwamitin likitocin soja ya zauna a kansa, ya duba raunin, ya rubuta gwargwadon naƙasar da ya samu, aka sallame shi a kan dalilin lafiya. Akwai kuma wanda ya ji rauni ya warke, ya koma bakin aiki, ya fita da ritaya irin ta kowa. Na farkon yana da rubutacciyar shaida cewa a bakin aiki ya naƙasa, saboda haka duk maganar da za a yi daga baya tana da tushen da za ta tsaya a kai. Na biyun kuwa aikinsa biyu ne, sai ya fara tabbatar da cewa karayar kanta a bakin aiki ta same shi, kafin a zo batun baya.

Ka buɗe adakarsa ka fito da komai: takardar sallama, lambarsa ta soja, sunan bataliyar da yake ciki a Laberiya, katin asibitin da aka yi masa aiki, ko da gara ta ci rabinsa. Ka yi hoton kowace takarda, kada ka bar na ainihi a hannun kowa. Fanshon soja yana hannun Hukumar Fanshon Soja, domin tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo da sauran ma'aikata suke ciki, ofishinta kuma yana Dutsen Alhaji a Abuja, ba Dutsenku ta Jigawa ba. Na faɗi haka ne don na taɓa ganin wanda sunan ya ruɗa ya ɓata kuɗin mota. Ka bi ta reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na ƙaramar hukumarku su taya ka tsara takardar, ka kuma tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da zai rage a hannunka. Maganar baki da jami'i ya yi maka a bakin tebur ba hukunci ba ce. Amsar da aka rubuta ita ce za ka iya ɗaukaka ƙara a kanta. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu zai fito maka da kuɗin cikin wata guda, ka rabu da shi. Sannan ka tambayi babanka ko ya yi rajistar inshorar lafiyar sojoji ta DHML, wadda ta haɗa da masu ritaya, don ta rage muku nauyin asibiti.

Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, Kano

Malam, kafin maganar haƙƙi zan fara da maganar takalmin da yake suɓucewa, domin ita ce ba ta jira. A ƙugu akwai gaɓoɓin ƙashin baya guda 5, tsakanin kowane biyu kuma akwai wani faifai mai taushi da yake hana su gogar juna. Idan faifan ya zaizaye ko ya bulluƙo waje, sai ya danne saiwar jijiyar da take fita ta gefensa, kuma an fi samun haka a tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5, ko tsakanin ta 5 da ƙashin da ke ƙarƙashinta. Saiwar da likitoci suke kira L5 ita ce take kai ji zuwa bayan ƙafa da babban yatsa, ita ce kuma take ba mutum ƙarfin ɗaga yatsun da gaban ƙafar sama. Abin da ka kwatanta ya yi kama da wannan, kuma jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba, saboda haka kada ku jira takarda ta fito kafin likitan ƙashi ko na jijiya ya gan shi. Idan kuwa ya fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya ji, ko raunin ya kama ƙafa biyu, to a ranar za ku taho asibiti ko da dare ne. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna duba irin wannan.

Hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi kaɗai yake nunawa da kyau. Hoton MRI shi ne yake fito da faifan da jijiyar da ya danne. Akwai kuma gwajin da ake yi da 'yar wutar lantarki don a ga yadda saƙo yake bi ta cikin jijiya, wanda yake taimakawa wajen gane inda matsalar take.

Game da haɗa ciwon da tsohuwar karayar, gaskiya zan faɗa maka. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta gajarta tana karkatar da ƙugu, ƙashin baya kuma ya lanƙwasa don ya daidaita tsayuwar mutum, saboda haka tunaninka yana da tushe. Amma shekaru ma suna cinye faifan, haka nan noma a sunkuye da ɗaukar buhu, shi ya sa mai duba takarda yake da damar cewa tsufa ne idan ba a kawo masa abin da ya fi zato ba. Ku roƙi likita ya auna ƙafafun biyu daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu ya rubuta bambancin da santimita, ya kwatanta yadda Baba yake tafiya, ya rubuta abin da MRI ya nuna, sannan ya bayyana ra'ayinsa a fili kan ko tsohon raunin ne ya jawo ciwon ko ya tsananta shi, tare da dalilinsa. Ya kamata kuma a gwada sukarinsa, domin ciwon sukari yana kashe jijiyoyin ƙafa, ko da yake shi ya fi kama ƙafa biyu tare daga yatsu. A kuma duba ko babu tarin fuka na ƙashin baya, wanda muke gani a nan ƙasar. Rahoton da ya nuna an bincika waɗannan an kawar da su ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ku tafi da tsofaffin takalman nan masu guntun taya likita ya gani da idonsa.

Ina roƙonku kada a yi masa sakiya ko tsaga, kada kuma a gasa ƙafar da dutse mai zafi, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Yawan shan diclofenac yana yi wa ciki da ƙoda illa, musamman ga dattijo, tramadol kuma yana kama mutum.

Bakano mazaunin Amurka

Ɗan'uwa, abin da zan kawo tsarin Amurka ne, ba dokar Nijeriya ba, kada ka kafa hujja da shi a takardarka. Amfaninsa shi ne ya nuna maka yadda ake gina irin wannan magana. A nan ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, ta amince a dokance cewa ciwon da wani raunin soja ya haifar, ko ya tsananta, shi ma ana biyan diyya a kansa. Abu uku suke nema: raunin farko da aka riga aka amince na aiki ne, ciwo na biyu da likita ya tabbatar yana nan yanzu, da kuma ra'ayin likita mai haɗa su. Ba sa buƙatar likita ya rantse cewa tabbas haka ne, ya wadatar ya ce yiwuwar ta kai rabi, wato kashi 50 cikin 100, ya kuma kawo dalili.

Wani abin lura shi ne suna auna baya daban, jijiyar ƙafa daban. Bayan da mutum ba ya iya sunkuyawa da shi fiye da digiri 30 ana ba shi kashi 40 cikin 100 na naƙasa, babbar jijiyar da take bi ta bayan cinya kuma tana farawa daga kashi 10 idan abin kaɗan ne, zuwa 80 idan ta shanye gaba ɗaya. Ba tarawa suke yi kai tsaye ba: mai 40 da 20 ba ya samun 60, sai a ɗauki kashi 20 cikin 100 na 60 ɗin da ya rage masa, wato 12, a ɗora a kan 40 ɗin ya zama 52, a mayar da shi 50. Shawarata ita ce likitan Baba ya rubuta ciwon bayan da raunin jijiyar a matsayin abu biyu, kowanne da ma'auninsa, kada a dunƙule su a kalmar "ciwon baya".

Ɗan Baba Kofur

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Saje, na tambaye shi, ritaya ya yi irin ta kowa, kwamitin likitoci bai zauna a kansa ba. Amma a cikin adakar na samu katin asibitin da aka yi masa aiki, lambarsa ta soja da kalmar karaya suna karantuwa sarai. Hajiya, fitsari da bayan gida lafiya lau, sai dai na sa ya gwada ɗaga babban yatsan dama ya kasa, don haka ranar Litinin za mu shigo Kano in Allah ya yarda. Ya kuma ce mutum biyu daga cikin waɗanda suke motar suna raye, ɗaya a Haɗejia, ɗaya a wajen Gaya. Shin shaidarsu tana da amfani?

Tsohon Saje

Tana da amfani sosai, ɗana, tun da babu rahoton kwamitin likitoci. Kowannensu ya rubuta abin da ya gani da idonsa, da wurin, da shekarar, da bataliyarsu, da lambarsa ta soja, ya je kotu a yi masa takardar rantsuwa a kai. Kada ka rubuta musu magana iri ɗaya su sa hannu, kowa ya faɗi tasa yadda ya tuna. Da kun dawo daga asibiti ka fara zuwa wurin wanda ya fi tsufa a cikinsu, ka kuma tafi da katin asibitin don shekarar da zai rubuta ta dace da wadda take jikinsa.